Kazar gida: Jarin da ya rage a hannun talakan Zamfara

A duk lokacin da aka zauna lissafin ɓarnar da matsalar tsaro ta yi wa tattalin arzikin karkarar Jihar Zamfara, shanu ake fara ambata, sannan tumaki da awaki, sannan gonakin da aka daina nomawa. Ba kasafai ake tunawa da kaza ba. Amma duk wanda ya shiga gidaje a Nahuce da ke Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ko ƙauyukan da ke kewaye da Tsafe, ko unguwannin bayan garin Gusau inda waɗanda suka baro garuruwansu suka raɓa, zai tarar cewa a gidaje da dama turakun shanu sun zama wayam, awaki sun ragu, abin da ya saura yana kai da kawowa a tsakar gida shi ne kaza da 'yan tsakinta.

Wannan kaza, wadda ake kira kazar gida ko kazar Hausa, tana da wata baiwa da kajin gidan gona ba su da ita: ita ke yin ƙwanta, ta kwanta a kansa, ta ƙyanƙyashe, ta reni 'ya'yanta, ba tare da mai ita ya sayi komai daga kamfani ba. A jihar da hanyoyi ba su da tabbas, kasuwanni kan tsaya, kuɗi kuma ya yi wuya a hannun jama'a, wannan baiwa ta fi ƙarfin a raina ta. Sai dai abubuwa biyu na yi mata barazana. Na farko shi ne yawan mace-macen 'yan tsaki da annobar da ke share akurki duk hunturu. Na biyu shi ne salon tallafin da ya fi karkata ga rabon kajin zamani, wanda idan ba a yi shi da lura ba zai iya gurɓata irin na gida har a wayi gari kaza ta daina kwanci.

Bayan shanu sun tafi

An ƙirƙiri Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma taken da ta zaɓar wa kanta yana alfahari ne da noma. Tun wajen shekarar 2011 satar shanu ta fara ƙamari a jihar, daga baya ta rikiɗe ta zama kai hare-hare, garkuwa da mutane da ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gona. Dabba babba ta zama abin da ke jawo wa mai ita ido. Wanda ba a kore masa shanu ba, sau da yawa shi da kansa ya sayar domin biyan kuɗin fansar ɗan'uwa ko don gudun kada a zo a kwashe.

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Ko da aka sassauta waɗannan matakai, sun nuna wa kowa yadda sana'ar da ta dogara da jigila daga nesa ke iya tsayawa cik a dare ɗaya. Bayan haka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, suka ɗaga farashin masara da waken suya, waɗanda su ne ƙashin bayan abincin kajin gidan gona. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta sha kokawa kan yadda gonaki ke rufewa, musamman ƙanana.

A cikin wannan yanayi ne darajar kazar gida ta ƙara fitowa. Galibi mata da yara ne ke da ita. Ita ake kamawa a kai kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, ita ke biyan kuɗin Laraba da na littafi, ita ake yanka wa baƙo, ita ke fitar da maigida kunya ranar Sallah. Tun da can ma ita ce matakin farko na tara dukiya a karkara: a sayar da kaji a sayi akuya, awaki su kawo tunkiya, tumaki su kawo maraƙi. Gidan da aka raba da garkensa, idan zai sake hawa wannan tsani, daga akurki zai faro.

Akwai kuma batun abinci. A shekarar 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa gwajin da aka yi a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi ya nuna kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Ƙwai na cikin abinci mafi gina jiki da gidan talaka zai iya samarwa da kansa. Amma matar da ta san rabin 'yan tsakinta za su mutu ba za ta dafa wa yaro ƙwai ba. Duk wanda kaza ta yi, mayar mata da shi za ta yi ta kwanta a kai.

Wace ce kazar gida?

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta taɓa ƙiyasta cewa Najeriya na da kaji kimanin miliyan 180, kuma kusan miliyan 80 daga cikinsu ana kiwonsu ne a sake, suna neman abincinsu da kansu. Mafi yawan waɗannan kajin gida ne.

Ba iri ɗaya ba ne. Masana a jami'o'in Najeriya sun bambanta kazar Fulani, wadda ta fi girma da nauyi, da ƙananan kajin da aka fi samu a kudu maso yamma. Bahaushe kuma ya daɗe da sanin fingi mai tashin gashi, da durgu mai gajerun ƙafafu, da wadda wuyanta ba shi da gashi. Bincike ya nuna cewa ƙarancin gashi a wuya da tashin gashin fingi na taimaka wa kaza wajen fitar da zafin jiki, abin da ke da muhimmanci a yankin da zafin bazara kan haura digiri 40. Waɗannan siffofi ba wani kamfani ne ya tsara su ba. Ɗaruruwan shekaru na zafi, yunwar bazara, cututtuka da farmakin shirwa ne suka tace su, wadda ta iya jurewa ta rayu ta bar iri.

Gaskiya ne cewa idan aka auna da ma'aunin gidan gona, kazar gida ba ta taka kara ta karya ba. Takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, kowane zubi 10 zuwa 15, alhali kazar ƙwai ta zamani kan kusanci 300. Tana ɗaukar wata biyar zuwa shida kafin ta isa yanka, kazar nama ta zamani kuwa mako shida zuwa takwas ya ishe ta. Sai dai wannan ma'auni bai lissafa abin da aka kashe. Kazar zamani sai an sayi ɗan tsakonta, an sayi buhunan abinci, an sayi magani, an gina mata ɗaki. Ta gida kuwa da dusa, da tsakin gero, da ƙwari da gara take rayuwa. Ribarta kaɗan ce, amma kusan dukkanta riba ce.

Ga wani amfanin da ake mantawa da shi. Zabuwa ba ta iya renon 'ya'ya, kuma da damina take zuba ƙwai. A ƙasar Hausa, kazar gida ake sa wa ƙwan zabi ta kwanta a kai na tsawon kwana 26 zuwa 28, ta ƙyanƙyashe ta rena. Ke nan kiwon zabi a karkara, wanda ke ciyar da kasuwannin Gusau da na sauran biranen Arewa, a kan bayan kazar gida yake tafiya.

Inda asarar take

Ƙwan kaza na ƙyanƙyashewa ne a kwana 21. A wannan mataki kazar gida ba ta da matsala sosai: idan ƙwan mai kyau ne kuma wurin kwancin ya dace, takan fitar da takwas cikin goma. Ita ke juya ƙwan sau da dama a rana, ita ke daidaita ɗumi da laima, aikin da injin ƙyanƙyasa ke yi da lantarki a kan digiri 37 da rabi. Kurakuran da ake samu a nan na mai kaza ne. Ana tara mata ƙwai fiye da abin da fukafukanta za su rufe, na gefe ya huce ya zama baragurbi. Ana haɗa ƙwan da ya kwana biyu da wanda ya haura mako biyu a ɗaki mai zafi, alhali ƙwan da za a ƙyanƙyashe bai kamata ya wuce mako guda a ajiye ba, kuma a wuri mai sanyi. Ana barin ƙuma da ƙwarƙwata su addabi kazar har ta tashi daga kan ƙwan. Duba ƙwai da tocila a ɗaki mai duhu bayan kwana bakwai zuwa goma ya isa a gane wanda ba shi da ɗa a cire shi.

Babbar asarar tana zuwa ne bayan ƙyanƙyasa. Nazarce-nazarcen da aka yi kan kiwon sake a ƙasashen Afirka sun yi ta nuna cewa kusan rabin 'yan tsaki kan mutu kafin su cika mako takwas. Dalilan sanannu ne. Ɗan tsako a makonsa na farko na buƙatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, kuma ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai gashinsa ya fito. Uwa ta ja shi cikin raɓar safiya ko iskar hunturu, sanyi ya kama shi. Shirwa da shaho na shawagi a sama, tunku da gafiya da muzuru na jira da dare. Bahaushe ya ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoro ba ya hana a ɗauke mata ɗaya yau, ɗaya gobe. Ga kuma yunwa: ɗan tsako na buƙatar abinci mai gina jiki fiye da babbar kaza, kuma dusa kaɗai ba ta wadatar da shi.

Lissafi mai sauƙi zai nuna girman abin. A ɗauka kaza ta yi zubi uku a shekara, kowane zubi ta fitar da 'yan tsaki goma. Talatin ke nan. Idan rabi suka mutu, saura 15. Idan aka rage mutuwar ta koma biyu cikin goma, saura 24. Gidan da ke da kaji biyar masu kwanci zai samu ƙarin kaji 45 a shekara ba tare da ya sauya iri ko ya sayi inji ba.

Abin da ake buƙata domin cimma haka yana cikin ƙauyen. Babban kwando ko ɗan keji na kara da waya da za a tsare uwa da 'ya'yanta a makonni huɗu zuwa shida na farko, a riƙa fitar da su rana idan gari ya yi ɗumi. Abincin da aka haɗa da tsakin masara ko gero, da tunkuza, da gasasshen waken suya da aka niƙa, da gara, da ɗan garin ganyen zogale. Ɗanyen waken suya kuwa yana hana narkewar abinci, dole sai an gasa. Ruwa mai tsabta a faffaɗan mazubi marar zurfi da aka zuba wa tsakuwa don kada ɗan tsako ya faɗa. Toka a wurin kwanci da share akurki a kai a kai. Waɗanda suka ƙware kan sa wa kaji biyu ko uku ƙwai a rana ɗaya, idan sun ƙyanƙyashe a haɗa wa ɗaya 'yan tsakin, sauran su koma yin ƙwai da wuri. Da haka zubi uku kan koma biyar.

Annobar hunturu

Ko an tsare 'yan tsaki daga shirwa, akwai maƙiyin da kwando ba ya tarewa. Kowace shekara idan iskar hunturu ta kaɗa, cutar Niyukasil kan bi ƙauyuka gida-gida. An sa mata sunan wani gari ne a Ingila inda aka gano ta a shekarun 1920. Alamominta duk mai kiwo ya san su: kaza ta takure ta saki fukafukai, ta yi koren kashi, numfashi ya yi mata wuya, wata wuyanta ya murɗe. A garken da ba a yi wa riga-kafi ba tana iya kashe mafi yawan kajin cikin 'yan kwanaki.

Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka ba ta da magani. Kafson da ake fasawa a ruwa, da barkono, da sassaƙen maɗaci da ake jiƙawa ba sa kashe ta. Abin da ya fi muni shi ne yadda tsoro ke yaɗa ta: da zarar kaji sun fara faɗuwa, sai a kwashi sauran a yi kasuwa da su kafin su mutu, mai saye kuma ya kai cutar gidansa. Ƙaurar da rashin tsaro ke tilasta wa jama'a, inda kajin garuruwa daban-daban ke cakuɗuwa a wuri ɗaya, na ƙara buɗe mata hanya.

Riga-kafinta kuwa yana nan, kuma a Najeriya ake yin sa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana samar da nau'in da ake kira I-2. Masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya ne suka samar da shi musamman domin kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, ko da yake shi ma yana son a adana shi a sanyi a kuma kare shi daga rana. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, babba ko ƙarama, a maimaita duk bayan wata huɗu. Ba ya buƙatar sirinji, kuma duk wanda aka koya wa na yini ɗaya zai iya. Sharaɗinsa shi ne a yi shi kafin cutar ta shigo, a kan kaji masu lafiya, kuma a yi wa unguwa gaba ɗaya, tunda kajin sake ba su san katangar gida ba.

A Mozambik da Tanzaniya an gina tsari a kan wannan riga-kafi: ana horar da mutanen ƙauye, da yawansu mata, suna bi gida-gida sau uku a shekara, mai kaza na biyan ɗan abin da bai kai kuɗin ƙwai ɗaya ba a kan kowace kaza. Irin wannan tsari ya dace da Zamfara fiye da ko'ina, domin akwai garuruwan da ma'aikacin lafiyar dabbobi daga Gusau ba zai iya shiga cikin kwanciyar hankali ba, amma matar da ke zaune a garin tana shiga kowane gida.

Dole a bambanta wannan cuta da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairu na 2006 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, ta kuma sake ɓulla a 2015 da 2021. Alamominsu na kama da juna, amma murar tsuntsaye na iya kama mutum. Garken da aka yi wa riga-kafin Niyukasil, idan ya fara mutuwa da yawa, wannan kansa ishara ce ga hukuma cewa wani abu ne daban. Ke nan riga-kafin kajin ƙauye na taimaka wa sa ido kan lafiyar jama'a.

Rabon kajin zamani: amfani da haɗari

A 'yan shekarun nan, idan gwamnati ko ɗan siyasa ko ƙungiyar agaji za su tallafa wa mata da kiwon kaji a Arewa, abin da aka fi gani shi ne rabon ingantattun 'yan tsaki. Najeriya na da irinsu da dama. Akwai Shika Brown, kazar ƙwai da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta samar. Akwai FUNAAB Alpha, wadda Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta ta shafe fiye da shekara ashirin tana aiki a kanta kafin a yi mata rajista a 2018. Akwai kuma Noiler ta kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo, wadda ta fi kowacce yaɗuwa a kasuwannin Arewa.

Ba a yi adalci ba idan aka ce waɗannan kaji ba su da amfani. Wani shiri da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Duniya, ILRI, ta jagoranta a Habasha da Tanzaniya da Najeriya ya gwada su a gidajen manoma a jihohi biyar, ciki har da Kebbi mai maƙwabtaka da Zamfara, kuma sun fi na gida saurin girma da yawan ƙwai. Ga matashin da ke cikin Gusau ko garin Tsafe, wanda ke kusa da shagon abincin kaji da na magani da masu gasa kaza, kiwonsu sana'a ce mai kyau.

Matsalar tana fitowa ne idan aka kai su ƙauyen da ba shi da waɗannan abubuwa. Ba kasafai suke kwanci ba, domin an tace su ne su yi ta ƙwai ba tsayawa. Idan an sayar da zubin farko, sai an sake sayen 'yan tsaki, kuma manyan wuraren ƙyanƙyasa na ƙasar nan sun taru ne a Ibadan da kewayenta, ɗaruruwan kilomita daga Zamfara. Jikinsu mai girma na buƙatar abincin da tsakar gida ba ta iya bayarwa. Matar da ta sayar da kajinta na gida domin ta ciyar da na tallafi ta musanya jarin da ke haihuwa da kansa da wanda sai an yi ta zuba masa kuɗi. Ƙwai a baka, in ji masu iya magana, ya fi kaza a akurki.

Haɗari mafi nisa shi ne na iri. Zakaran zamani da aka saki a unguwa zai bi kajin kowa. 'Ya'yan farko kan fito da girma, abin ya ba da sha'awa. Amma idan aka ci gaba da haka ba tsari, ɗabi'ar kwanci da iya reno da juriyar yunwa na raguwa daga zuriya zuwa zuriya. An taɓa gwada shirin musanyar zakaru a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, inda aka riƙa karɓar zakarun gida ana bayar da irin su Rhode Island Red. Galibin shirye-shiryen ba su ɗore ba, saboda baƙin zakarun da 'ya'yansu ba su jure rayuwar sake ba.

Su ma masu kiwon suna da nasu laifin wajen lalata iri. Idan Sallah ta zo ko baƙo ya sauka, zakaran da ya fi girma ake kamawa, a bar ƙanƙanin ya ci gaba da bin kaji. Shekara da shekaru ana cire mafi kyau ana barin na baya, kuma zakara ɗaya na bin 'ya'yansa da jikokinsa. Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo: a bar zakara mafi ƙoshin lafiya ɗaya ga kowace kaji goma, a riƙa musanya shi duk shekara da na wani gari, a kuma ajiye 'ya'yan kazar da ta fi iya kwanci da reno.

Abin da wasu suka yi da nasu

A 2007 ƙasashen duniya suka amince a garin Interlaken na Suwizalan da wani tsari na kare irin dabbobin gida, bisa fahimtar cewa irin da ya ɓace ba ya dawowa. Habasha ta ɗauki kazarta ta yankin Horro tun 2008 tana tace ta daga cikinta, ba tare da cakuɗa ta da baƙon iri ba, kuma yawan ƙwanta ya ƙaru. A Faransa, kazar yankin Bresse ta samu kariyar doka tun 1957, kuma tana cikin kaji mafi tsada a ƙasar. A Burkina Faso, kazar gida da ake yi wa laƙabi da kazar keke ta zama abin alfaharin masu gashi a Wagadugu.

Kasuwar Arewa ma ta riga ta yanke nata hukunci. Masu farfesu da matan gida da yawa sun fi son kazar Hausa saboda ɗanɗano da ƙarfin namanta, kuma suna biyan kuɗinta ko da ta fi ta gidan gona ƙanƙanta. Buƙatar tana nan. Kajin ne ba sa isa, saboda suna mutuwa tun suna 'yan tsaki.

Abin da ya rage a yi

A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, kuma mafi yawan muhawarar da ta biyo baya a kan shanu da wuraren kiwo take. Gwamnatin Dauda Lawal a Zamfara na da damar faɗaɗa wannan magana ta kai ga akurki.

Mataki na farko shi ne riga-kafin Niyukasil sau uku a shekara, zagaye ɗaya ya kasance da kaka kafin hunturu ya shigo, ta hannun matan da aka horar a kowace mazaɓa, tare da firjin sola a hedikwatar ƙananan hukumomi irin su Bunguɗu da Tsafe. Na biyu, duk shirin tallafi ya bambanta birni da ƙauye: ingantattun kaji ga wanda ke kusa da kasuwa da abinci kuma zai tsare su a keji, kajin gida masu kwanci da kwandon reno ga na karkara da waɗanda ke komawa garuruwansu. Na uku, Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin aikin gona ta Bakura, da haɗin gwiwar masana na Shika da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, su tattara kajin yankin, su auna su, su kafa garken da za a riƙa tacewa ana mayar wa manoma zakaru nagari. Injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana na da gurbi a nan, a hannun ƙungiyoyin da za su iya kula da shi, domin injin da ya daɗe a mace a tsakiyar kwanci na iya lalata ƙwan.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai maye gurbin tsaro. Manomin Nahuce na buƙatar ya koma gonarsa ya kuma sake ɗaure sa a turke ba tare da fargaba ba. Amma kafin wannan rana ta zo, iyalinsa na buƙatar abin da za su sayar ranar da ciwo ya zo da abin da za su ba yaro ya ci. Kuɗin rabon 'yan tsaki na biki ɗaya zai iya yi wa kajin ƙauyuka masu yawa riga-kafin shekara guda, kuma sakamakonsa abu ne da za a iya ƙirgawa: kaji nawa suka tsallake hunturu, kuma 'yan tsaki nawa cikin goma suka kai mako takwas.